Ina son in sake aure, babban ɗana ya ce ba a gidan ubansa ba

Uwar Biyar
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na jima ina karanta muhawarorinku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau kuwa ni ce da matsalar. Shekarata 48, a nan Kano nake. Maigidana ya rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya jiƙansa, ya bar ni da 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku. Manyan matan biyu suna ɗakunansu, babban namijin yana aiki a Abuja da iyalinsa, ƙaninsa yana jami'a, auta kuma tana makarantar kwana. Ni malamar firamare ce, ina da ɗan albashina. A gidan marigayin nake zaune, ba a raba gado ba har yau.

Ba ci ba ne matsalata, ba kuma sutura ba. Da an idar da sallar isha'i na rufe ƙofa, ba wanda zan ce wa kanzil sai gari ya waye. Kwanakin baya zazzaɓi ya kayar da ni cikin dare, ruwan da zan haɗiyi magani ma da rarrafe na ɗebo. Yanzu wani bawan Allah ya turo ƙanwarsa neman aurena. Ɗan fansho ne, ya ba sittin baya, matarsa ɗaya, mutanen unguwarsu sun yi masa kyakkyawar shaida. Na yi istihara, hankalina ya kwanta da shi. Da na sanar da babban ɗana sai ya ce muddin yana numfashi ba namijin da zai taka gidan ubansa, wai me na rasa, in kuɗin wata ne bai isa ba zai ƙara. Cikin matan ɗaya ta ce Allah ya sanya alheri, ɗayar ta fashe da kuka wai da wane ido za ta kalli surukanta a ce uwarta amarya ce. Ku taimake ni da shawara, don Allah ban da zagi.

Maman Sadik
Allah ya jiƙan mamaci, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri. Hajiya ki yi aurenki. Shi ɗan naki da ya gama yi miki faɗa a waya, ai ɗakin matarsa ya shiga ya kwanta.

Abu Hanan
Mama ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, a matsayin ɗa nake magana. Mahaifiyata ta yi aure bayan rasuwar babanmu, lokacin na fara girma. Ba halal muke ƙi ba, wallahi. Amma ka zo gida ka tarar da takalmin wani a ƙofar ɗakin da ka saba ganin na ubanka, ka tsaya a zaure kana sallama ana cewa ka jira, wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba. Ga bakin abokai a majalisa. Ban ce kada ki yi ba, amma kar a taru a mai da ɗan nan mugu, shi ma maraya ne ko da ya yi gemu.

Maman Sadik
Abu Hanan, da a ce mahaifiyarku ce ta rasu, wata nawa babanku zai yi kafin a kawo amarya? Ku da kanku za ku nemo masa, kuna cewa bai kamata a bar tsoho shi kaɗai ba. Wani ma kafin a yi arba'in an fara cigiya. Ban taɓa jin takalmin amarya ya sosa wa ɗa namiji rai a ƙofar ɗakin uwarsa ba.

Abu Hanan
Yana sosawa, ba a dai faɗa.

Malam Na-Zazzau
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abin da Allah ya ɗora wa matar da mijinta ya rasu shi ne takaba, wata huɗu da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 cikin Suratul Baƙara. Ayar da kanta ta ci gaba da cewa idan sun cika wa'adinsu, ba laifi a kanku cikin abin da suka yi da kawunansu ta hanyar da ta dace. Duk zaman da ya ƙaru a kan wa'adin nan zaɓinta ne, ba bashi ba ne da 'ya'ya ke bin ta.

Kuma gidan wa muke koyi da shi? Matan Manzon Allah (SAW), in ban da Nana A'isha, duk sun taɓa aure kafin shi. Nana Khadija aure biyu ta yi, tana da wajen shekara arba'in suka yi aure. Ummu Salama, bayan Abu Salama ya rasu daga raunin da ya samu a Uhudu, da Annabi ya nemi aurenta ta kawo uzuri uku: tana da kishi, ta kwana biyu a duniya, kuma tana da yara. Bai hana aure ba, aka ɗaura a shekara ta 4 bayan hijira, ya riƙe yaran. Asma'u 'yar Umaisu kuwa, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 ya bar ta da 'ya'ya, ta auri Sayyidina Abubakar, da shi ma ya rasu ta auri Sayyidina Aliyu. Ba wanda ya ce mata ta ji kunyar 'ya'yan Ja'afar.

Sai dai akwai abin da ya kamata 'yar'uwa ta sani tun yanzu, kar ya zo mata ba zato. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke hukunci da ita, ɗa baligi shi ne waliyyin farko ga uwarsa bazawara. Yana gaban uba, uba kuma yana gaban ɗan'uwa. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin nan. Wato shi wannan da ya ce a'a, shi ne a sahun gaba wajen walicci.

Uwar Biyar
Innalillahi. Allah gafarta Malam, ke nan sai abin da ya ce?

Malam Na-Zazzau
A'a, Hajiya. Waliccinsa na ɗaurawa ne, ba na tilastawa ko hanawa ba. Hadisi a Sahihu Muslim ya nuna bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta. Khansa'u 'yar Khidamu ubanta ne da kansa ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, Annabi ya warware auren. Ta ɓangaren hanawa kuma, aya ta 232 a Baƙara ta sauka ne a kan Ma'aƙilu ɗan Yasar da ya hana ƙanwarsa komawa ga mijin da take so. Idan wanda ya dace ya fito, waliyyi ya ƙi ba da hujjar shari'a ba, alƙali zai umarce shi, in ya dage alƙali ya ɗaura. Haka nan idan waliyyi na nesa ya ɗaura, kamar yayanki, aure ya yi. A al'adarmu ma dama yaya ko baffa ake sawa, kunya ba ta barin ɗa ya zauna a gaban liman ya ba da uwarsa. Amma ban ba ki shawarar ki fara da kotu ba. Ɗanki ne.

Gwaggo Mai Ƙosai
Malam ya gama nasa, bari ni in faɗi wanda ba ya cikin littafi. 'Yata, ni na riga ki shiga wannan rigar. Mijina ya rasu ya bar mini ɗan gida da injin markaɗe. Wani ya fito da farar riga da carbi, unguwa kaf ana yabonsa. Aka ɗaura, ya ce in zauna a gidana zai riƙa zuwa. Wata na farko cefane har da kaza. Daga nan sai bari in ara, gobe zan mayar. Sai ga shi ya kawo yaransa biyu wai makarantarsu ta fi kusa da ni. Ƙarshe ni ke ciyar da shi da yaransa, ranar da na ce jarina ya karye kuwa, ranar ya ɗauke ƙafa, takardar ma a hannun almajiri ya aiko ta. Na koma zawarci ba jari, kuma 'ya'yana suna cewa dama mun faɗa miki, wannan ya fi komai ciwo.

Ban ce kar ki yi ba. Kaɗaici na san shi, yana sa mace ta riƙa magana da rediyo. Amma mace mai albashi da gida, ba duk mai sallama ba ne ita yake so. Ki bincika fanshon nan yana shiga kuwa? Me yake ciyar da gidansa da shi? Ya taɓa sakin wata? Kar ki tambayi abokan sallarsa, ki tambayi mai kantin layinsu da matan maƙwabta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Baban Walid
Gwaggo, Allah ya saka miki, amma kar a yi mana kuɗin goro. Da yawanmu da muka manyanta ba yarinya muke nema ba, mace muke so wadda za a zauna a yi hira, ta san mutuwa ta san rashin lafiya. In kowane mai neman bazawara za a kalle shi a matsayin ɗan cin gado, wa zai fito? Sai a dawo ana cewa maza sun ƙi auren zawarawa.

Mai Kula da Zaure
Sanarwa. Tun da aka fara maganar nan maza huɗu sun bi mai tambaya ta saƙon sirri, ɗaya har da roƙon katin waya. Mun cire su. Ta ce tana da manemi, shawara ta nema. 'Yan'uwa mata, duk wanda bai yarda ya zo ta hannun magabatanku ba, ku toshe shi.

Lauyan Talakawa
Ni wurin da na tsaya shi ne maganar "gidan ubansa". Hajiya, ke kaɗai ce matar marigayin? Kuma iyayensa suna raye lokacin da ya rasu?

Uwar Biyar
Ni kaɗai ce. Iyayensa duk sun riga shi.

Lauyan Talakawa
To lissafin ki mai sauƙi ne. Bayan an biya bashi da wasiyya in akwai, kina da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tun da ya bar 'ya'ya. Aya ta 12 ce a Suratun Nisa'i. Saura kashi bakwai, maza biyu mata uku, namiji rabon mata biyu: kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi ɗaya. Ke nan babban ɗanki rubu'in gidan yake da shi, ba gidan duka ba. Kuma aure ba ya cinye tumuninki, tun ranar da aka yi rasuwar ya zama naki, ko aure goma za ki yi.

Amma kar mata su yi saurin tafi, don wuƙar tana yanka ta kowane gefe. Ke ma tumuni kawai kike da shi. Gida ne na tarayya, cikin masu shi har da yarinyar da ba ta mallaki hankalin kanta ba. Shigo da miji ya zauna a cikinsa ba da yardar sauran magada ba, a nan ɗanki yana da ta cewa, ba a kan auren ba. Abu biyu ne aka cakuɗa. Kuma a shari'a mijin ne zai ba ki wurin zama, ba ke za ki ba shi ba.

Rashin raba gado shekara shida shi ne babban kuskuren da gidaje da yawa ke yi, wai don kar a ce an ƙosa. Raba gado ba yana nufin sayar da gida ba. A kira masu ƙima su yi wa gidan kuɗi, a rubuta rabon kowa a gaban alƙali ko malamin da kowa ya yarda da shi, in ya yiwu a fitar miki da ɗakinki da ƙofarsa a matsayin tumuninki. Sai ki kula da maganar auta. A Malikiyya riƙon 'ya mace yana hannun uwa har ta tare a gidan miji, amma idan uwar ta auri wanda ba muharramin yarinyar ba, riƙon na iya komawa ga kakarta ta wajen uwa. Baffanni kan fake da wannan su ta da rigima. In mahaifiyarki tana raye, ku daidaita tun kafin a ɗaura.

Uwargida Ran Gida
Ina ta karantawa, ba wanda ya tuna da matar ɗan fanshon. Ita ma fa ta kusa sittin ko ta wuce. Ta sha wahala da shi tun yana ƙaramin ma'aikaci, yanzu da ƙarfi ya ƙare, fansho ba ya isa, za a raba mata kwana da abin cefane biyu. Ita kaɗaicin da za ta shiga ranar da ba girkinta ba wa zai kawo shi nan a tattauna? Ciwon 'ya mace fa an ce na 'ya mace ne.

Maman Sadik
Yaya, ita kwana biyu za ta yi ba miji. Wannan shekara shida ta yi.

Uwargida Ran Gida
Ban hana ba, Allah ya halatta. Cewa na yi ta tambaya ko matar ta sani. Namijin da zai ɓoye wa matar da suka shekara talatin tare, ke da kika zo jiya me zai hana ya ɓoye miki? In har uwargidan ta sani, ko ba ta so, zaman zai yiwu. In kuwa a bakin 'yan biki za ta ji, ki shirya wa 'ya'yanta, don su ma suna da babban ɗa.

Anti Nas
Ta fannin lafiya kaɗan. Kar girma ya sa a ji kunyar gwaji. A Kano ma tun 2024 doka ce, sai an yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, da rukunin jini na sikila kafin a ɗaura aure, kuma ba a ware tsofaffi ba. Ni zan ƙara da awon hawan jini da na suga, ku duka biyun, kowa ya san abin da zai ɗauka. Mutumin da ya haura sittin, akwai yiwuwar nan da 'yan shekaru jinya za ki yi, ki shiga da saninki. Sannan a shekara 48, in al'ada ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, ciki na iya shiga ko da ba kasafai ba. Yawancin mata tsakanin 45 da 55 take ɗaukewa. Ku yi maganar a fili, ko yana sa ran haihuwa ko ba ya yi.

Kuma masu cewa me ta rasa, a asibiti muna ganin abin da ta rasa. Mace ta zo da rashin barci da faɗuwar gaba da ciwon jiki, a auna komai lafiya, in ka zauna da ita minti goma sai ka gane kwana da kwanaki ba wanda ya tambaye ta ya ta kwana.

Ɗan Birni
Ni mamaki nake, gwamnati da kanta ta aurar da zawarawa a jihar nan amma har yau ana jin kunyar abin. A 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa, ta shirya fito da zawarawa kan titin Kano, Hisbah ta hana. Shekara uku bayan nan, a 2012 zamanin Kwankwaso, Hisbar ce da kanta ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa ta fara auren zawarawa da mutum ɗari, a ƙarshen 2013 aka ɗaura 1,111 rana ɗaya, a 2023 gwamnatin Abba ta yi na 1,800. Me ya rage kuma?

Gwaggo Mai Ƙosai
Ɗana, je ka duba hotunan. Yawanci yara ne da aka sako da goyo, daga baya ma har da 'yan mata. Mace mai jikoki ba za ta je ta bi layi ta cike takarda ba, 'ya'yanta ma ba za su bari ba. Kuma wancan maganin rashin gado da katifa ne. Ita wannan tana da gadonta.

Hajjo ta Maraɗi
Mu nan wajenmu irin wanga aure ba baƙo ba ne, auren ɗauki sandarka. Tsohuwa tana gidanta cikin ɗiyanta, maigida ya taho ranar kwananta ya koma. Innata ta yi shi, har Allah ya ɗauki ransa ba wanda ya ji kansu. Abin da ya sa ya yi kyau, ba ya shiga sha'anin gidan ko kaɗan, kuma duk zuwan da zai yi da cefanensa a hannu. Tun farko aka faɗa gaban shaidu.

Uwar Biyar
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bari in amsa abin da aka tambaya. Uwargidansa ta sani, ƙanwar tasa ta ce ta yi fushi na kwana biyu ta sauko, amma zan sa a ƙara bincikawa kamar yadda Uwargida Ran Gida ta ce, ba zan tsaya a bakin dangin miji ba. Shi ya ce in na so zai kama mini haya kusa da shi, ni ce na ce ba na son barin gidan saboda auta da ɗan jami'a in sun zo hutu, kuma makarantar da nake koyarwa da ƙafa nake zuwa. Yanzu na gane wurin da na ba ɗana ƙofa. Mahaifiyata tana raye, alhamdu lillahi. Abu Hanan, na ji maganarka har cikin raina, ɗakin babansu ba zan sa kowa a ciki ba. Akwai ɗakin zaure mai ƙofa ta waje.

Malam, in yayana ya ɗaura ba tare da yaron ya sani ba fa?

Malam Na-Zazzau
Aure ya yi, amma kar a yi haka. Yayanki da baffan yaran su kira shi, ba ke ba, don a gabanki zai yi ta kare girmansa ne. Su gaya masa rana, su ce ana son albarkar bakinsa. In ya zo, madalla. In bai zo ba, an dai faɗa masa. Ita kuma mai kuka, ki tura mata 'yar'uwarta.

Uwar Biyar
To Malam. Lauya, saura abu ɗaya. Takardun gidan suna hannun shi babban, tun bayan sadakar bakwai baffansu ya damƙa masa.

Lauyan Talakawa
Riƙe takarda ba mallaka ba ne, amma kar ki tambaye shi su a wannan makon, zai ɗauka don mijin kike nema. Ki bari baffan da ya ba shi ya nema da kansa, da sunan za a raba gado, kuma a yi wannan kafin a sa ranar aure, ba bayan an ɗaura ba. In an kawo, ki duba sunan wa ke jiki, ki yi hoton kowane shafi ki ajiye, ki ba 'yan'uwansa mata su ma su ajiye nasu.